Daga Kufena Zuwa Kagoro: Kwana Huɗu Cikin Ƙasar Duwatsu

Yau labarin tafiya na kawo muku, kuma tun da fari bari in faɗa, ba Urushalima na je ba. Na san akwai 'yan'uwa da ke tanadi shekara da shekaru don su je su hau Dutsen Zaitun. Akwai kuma masu hali da ke keta hazo har ƙasar Tailan, su taka matakala fiye da 300 don su ga haikalin 'yan addinin Buda da ke bisa dutsen Doi Suthep, su ci abincin ƙasar, su dawo suna ba mu labari. Ban ga laifinsu ba. Ni dai tawa tafiyar ba fasfo ba biza, cikin wata tsohuwar Golf aka yi ta, amma duwatsu na gan su, wuraren ibada na da da na yanzu na gan su, abinci kuwa sai da na kwance ɗamara.

Ga yadda abin ya faro. Ranar Juma'a 11 ga watan Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta, aka yi hasarar rayuka. Maƙwabcina a nan Gyallesu, wani dattijon tela da muke ce wa Alhaji, tun yana yaro a masallacin nan yake sallar Juma'a. Allah Ya sa ran nan ya riga ya komo gida. Amma abin ya tsaya masa a rai, ya yi watanni yana zancensa. Wata rana da yamma ina zaune a bakin shagonsa sai ya ce, "Malam, ashe wai akwai irin masallacinmu a Jos, an gina shi sak yadda Babban Gwani ya bar shi? Ina so in gan shi da idona." Na ce, "Alhaji, ni ma haka na ji. Ga shi kuwa ina da saƙon da zan kai wa wani abokin karatuna a Kagoro. In ka ba da mota, ni zan sha mai." Nan take magana ta zauna.

Mai ɗakina ba ta so ba, kuma tana da hujja. A daren jajibirin Kirsimeti na 2023 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka a yankin Bokkos da Barikin Ladi, suka kashe mutane fiye da 100, mu kuwa a mako na biyu na Janairun 2024 muke shirin tashi. Sai da muka ɗaukar mata alkawari biyu: ba tafiyar dare, kuma ba ratse zuwa inda ba mu da mai masauki.

Mu ma 'yan gindin dutse ne

Kafin mu kama hanya, ya kamata Bazazzagi ya tuna shi ma a gindin dutse aka haife shi. Duk wanda ya dubi yamma da birni zai hango Kufena, kuma har yanzu akwai burbushin tsohuwar ganuwa a wajenta. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bayanin cewa da yawa daga tsofaffin biranen ƙasar Hausa a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro, kamar Dala a Kano, da Turunku da Kufena a Zazzau. Akwai ruwa, akwai mafaka in yaƙi ya zo, sa'an nan mutanen da sun gaskata cewa iskoki a can suke zaune, saboda haka wanda ke riƙe da tsafin dutse shi ne ke riƙe da jama'a. Labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala ai ba baƙo ba ne ga ɗan makaranta.

A gindin Kufenan nan ne kuma Turawan Mishan na CMS suka tare a 1929, bayan sun bar cikin birni inda Likita Miller ya zauna tun 1905. Nan suka gina majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, da tubali da azara, ginin Hausa tsantsa. Cikin masu bishara da suka yi aiki a Wusasa har da Malam Yohanna, mahaifin Janar Yakubu Gowon, mutumin ƙasar Angas a Filato. Wato mutanen duwatsu sun riga mu yin wannan tafiya, sai dai su gangarowa suka yi, mu kuwa hawa za mu yi.

Daga Galma zuwa Jengre

Mun tashi ran Talata da sassafe, hazo ya rufe gari. Muka haye kogin Galma, muka wuce Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa, Saminaka garin masara. Tsakanin Zariya da Jos kusan kilomita 240 ne, amma kada mai karatu ya auna da agogo, gama ramuka da shingayen jami'an tsaro su ke yanke wa mutum lokacin isa.

Matasa da yawa ba su san cewa da jirgin ƙasa ake yin wannan tafiya ba. Turawa sun shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Zariya, faɗinsa ƙafa 2 da rabi kacal, ya isa Jos a 1914, ba don kowa ba sai don kwaso kuza. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwar ƙaramin ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Alhaji ya ce mahaifinsa ya shiga jirgin, wai in ya zo hawa mutum kan iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya cim masa. Ban rantse a kan wannan ba, amma dai tsofaffi sun haɗu a kan cewa ba ya sauri.

Daga Jengre ƙasa take fara tashi. Zariya tana bisa teku da wajen mita 650, Jos kuwa ta haura mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da garin ta kai mita 1,829. Kunne zai toshe, iska ta sake, mutum ya fara laluben rigar sanyi da rana tsaka. Ƙauyukan ma sun bambanta da namu. Maimakon danga ta kara, sai ka ga an kewaye gida da gona da ƙerana, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa mai ƙuna, wanda a zamanin hare-hare ko doki ba ya iya ketawa.

Masallacinmu a garin wasu

Gidan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952, aikin wani Bature ne mai suna Bernard Fagg, wanda za mu sake gamuwa da shi a gaba. A nan aka ajiye ragowar kan jirgin da na ambata. Amma abin da ya kawo mu yana can gefe, a filin da aka keɓe don gine-ginen gargajiya. Wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo a Nijeriya yana auna tsofaffin gine-gine taku-taku yana zanawa. A shekarun 1970 aka fara tayar da kwatankwacin wasunsu a Jos da girmansu na ainihi: ga wani sashe na ganuwar Kano, ga masallacin Ilori, ga kuma namu na Zariya.

Shi masallacin Zariya na asali, a shekarun 1830 aka gina shi, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, da har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Babu siminti, babu ƙarfe. Tubali ne da azarar giginya, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi. Gwanintar tana wajen bakan gizo: ana jera gajerun azara ana ɗaure su, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, daga wannan ginshiƙi da wancan, har su sadu a sama, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Da haka ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo alhali azara ɗaya ba ta da wani tsawon kirki. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin na Zariya da sabon gini na siminti, saboda haka duk wanda aka haifa bayan nan bai taɓa ganin yadda yake daga waje ba. Sai a Jos.

Da muka iso ƙofa sai Alhaji ya tuɓe takalmi. Mai yi mana jagora ya ce, "Baba, ai ba a salla a ciki, kana iya shiga da takalminka." Alhaji bai tanka masa ba. Ya shiga yana bin ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana ɗaga kai yana duban zanen da ke jikin rufin. Can ya tsaya a wani wuri ya ce, "Malam, daidai nan mahaifina yake tsayawa, ni ina nan gefensa." Na ja da baya na ba shi wuri. Mun fi minti 40 a ciki.

Da muka fito ya ce abin da ya lura da shi, ginin ƙasa kamar jariri ne, kullum yana son hannu. In aka bar indararo ya toshe damina ɗaya, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, to sauran labari sai dai a ji. Da can kowace kaka unguwa kan fito a yi yaɓe, yanzu kuwa magina masu wannan sani sun ƙaranta, 'ya'yansu sun koma bulo. Jos kuma ta fi Zariya ruwan sama. Ni dai a raina majami'armu ta Wusasa nake tunani, gama ita ma da irin ƙasar nan da irin azarar nan aka yi ta.

Fate ya sake suna

To, mu zo ga maganar ciki. Kowa ya san tsiyar da ake yi wa Zage-zagi a kan fate. Da muka zauna a rumfar wata mai abinci ta ji daga inda muka fito, sai ta yi dariya ta ce, "Baba Alhaji, yau kun zo gidan yayan fate." Abin da ta zubo mana su gwate suke ce masa. Tsakin masara ne ko acca, da yakuwa, da alayyafo, da gauta mai ɗan ɗaci, da ƙashi mai guringuntsi da aka dafa har ya yi laushi. Ya fi namu ruwa-ruwa, kusan a sha shi ake yi, kuma ganye ya fi tsaki yawa. Cikin sanyin Jos, wanda da dare a watan Janairu yakan sauko wajen 10 a ma'aunin zafi, ban san abin da ya fi shi ba. Alhaji ya ce namu ya fi riƙe ciki. Ya faɗi haka ne yana kan kwano na biyu.

Acca ita ce sarauniyar abincin duwatsu, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwayarta ba ta kai ta gero ba, kamar yashi take. Tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda masara ba za ta ko tsaya ba, kuma akwai irin da ke nuna da wuri ƙwarai, tun sauran amfanin gona bai kai ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan ya sa Turawa suka raɗa mata sunan shinkafar mayunwata, sunan da bai yi mata adalci ba, gama a wurin Birom da maƙwabtansu abincin biki ce da na babban baƙo. Ana tuwo da ita, ana kunu, ana gwate, ana dafa ta wasa-wasa. Wahalarta tana wajen gyara: a yanka, a tattake, a surfa, sa'an nan a yi ta regewa har sai yashi ya fita, kuma duk wannan a wuyan mata yake. Yanzu da masu ciwon sukari a birane suka gano ta, kuɗinta ya tashi, har ta fi ƙarfin wasu daga cikin masu noma ta. Muna da 'yar'uwarta a ƙasar Zazzau, wato iburu, amma yaushe rabon mai karatu da ya ga an dafa shi?

Sauran kayan lambu kuwa, sai wanda ya shiga kasuwar Farin Gada: kabeji, karas, latas, koren wake, da dankalin Turawa wanda mafi yawan na Nijeriya daga Filato yake fitowa. Wani abin mamaki, da yawa daga lambunan rani da ruwan tsofaffin ramukan kuza ake ba su. Ramukan nan da kamfanoni suka tona suka tafi suka bari, waɗanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, ana kawo su aikin tilas a cikinsu, sanyi da yunwa suka kashe da yawa, yau su ne ke shayar da tumatir. Suna kuma cin yara da dabbobi, gama zurfinsu ba na wasa ba ne. Dankalin da na ambata, cibiyarsa Bokkos ce da Mangu da Barikin Ladi, wato daidai inda aka yi kisan da ya tsorata mai ɗakina. Wata mai sayarwa ta gaya mini mutanenta sun bar dankali a rumbu sun gudu da kayan jikinsu. Ban sami abin ce mata ba sai Allah Ya kawo sauƙi.

Hawan Kibo

Ran Laraba muka bar Jos ta Bukuru. Muka bar hanyar Vom a gefe, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, wadda ita ma daga Zariya aka ɗauke ta aka kai can saboda sanyin wurin. Muka tsaya a Riyom muka kalli duwatsun nan da ke ɗore bisa juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Daga nan sai gangaren Hawan Kibo.

Direban da bai saba ba, ya ji da kyau. Gangaren nan dogo ne, kuma ga gawarwakin manyan motoci nan a gefen hanya suna ba da shaida. Mu ma mun ɗanɗana. Wani makanike a Zariya ya ce ya sake mana man birki, ashe bai sake ba. Muna tsakiyar gangara Alhaji ya ji birki ya yi laushi, ga ƙauri. Allah Ya taimake mu ya sa babbar giya, ya lallaɓa ya sami wuri ya tsaya. Muka yi awa guda muna jiran ƙarfe ya huce, shi yana jan carbi, ni ina tawa addu'ar. A ƙarshen gangaren ne ruwan Assop yake zubowa daga kan dutse, a nan muka wanke fuska, muka sayi atili da ayaba. Daga nan ƙasa ta sake: zafi ya dawo, ga kwakwar manja, ga kurmi. Muka karya dama muka bi ta Gidan Waya, muka isa Kagoro kafin la'asar.

Bisa dutsen Kagoro

Garin Kagoro a gindin dutse yake kwance, dutsen kuwa ya tokare sama kamar bango. Mutanen suna kiran kansu Agworok. An san garin da bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu, kuma kalmar afan ma dutse take nufi. Asalinsa bikin farauta ne da tsarkake dutse bayan an gama girbi. Marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya hau sarauta a 1945 ya rasu a 2008, a zamaninsa ne aka mai da shi ranar sabuwar shekara. Ban taɓa gani ba, gama katikis ba ya barin ekklesiya daren shiga sabuwar shekara. Turawan SIM sun zauna a garin tun ƙarshen shekarun 1920, kuma makarantar Littafi Mai Tsarki da suka kafa ita ce ta zama makarantar tauhidi ta ECWA, wadda ta yaye masu bishara da fastoci da ba su ƙirguwa.

Ran Alhamis da asuba abokina ya haɗa mu da wani saurayi muka kama hawa. Mun yi fiye da awa 2, muna yi muna hutawa, mata ɗauke da kaya a ka suna wuce mu suna yi mana sannu. A sama akwai fili, da gonaki, da gidaje, har yanzu da mutane a ciki. Aka kai mu gaida wani tsoho da ke zaune a kan falalen dutse yana shan hantsi.

"Daga ina baƙin?"

"Daga Zariya, Baba."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Da kakana ne ya ji wannan amsa, da tuni ya mirgino muku dutse."

Wasa ne, amma akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ba ta da daɗin ji ga Bazazzagi. A ƙarni na 19 mahaya daga Zazzau da Jama'a, wadda ke biyan gandu ga Zazzau, sun yi ta kai hari wannan yanki suna kama bayi. Abin da ya sa mutane suka maƙale a kan duwatsu ke nan, inda doki ba ya hawa. Kagoro ba ta taɓa shiga hannun sarakunan ba, sai Turawa ne suka ci ta da bindiga a farkon ƙarni na 20, suka matsa wa mutane su sauko ƙasa don a ji daɗin karɓar haraji. Wani hafsansu, Tremearne, ya rubuta littafi a kansu a 1912 wanda sunansa kaɗai cin mutunci ne. Ni na rasa ta cewa. Alhaji ne ya sa hannu a aljihu ya ce, "Baba, yau da ƙafa muka zo, ba doki, kuma goro muka kawo." Tsoho ya karɓa, ya fasa, ya miƙa masa rabi.

Shi ya nuna mana wuraren da. Ga kogon da ake ɓoye mata da yara. Ga inda, in ji shi, ƙudan zuma ke fitowa su kori mahara. Sa'an nan ya nuna wani kurmi da sandarsa, ya ce can ne dattawa ke shiga yin sha'anin dodo, mace ba ta zuwa, yaron da ba a shigar ba ba ya zuwa. Babu gini, babu gunki irin na hotunan Indiya. Itatuwa ne da duwatsu da tsofaffin tukwane. Shi kansa tsohon dattijon ekklesiya ne, an yi masa baftisma tun yana saurayi, amma bai matsa kusa ba, mu ma ba mu matsa ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda na san wasu abokan aikina ba za su so ba. Ba na kewar dodo. Iyayenmu mata sun sha tsoro da duka a ƙarƙashinsa, kuma su ne suka fara murna da aka tona asirinsa. Amma na ga wurare a ƙasar nan inda matasa, don su nuna ƙarfin bangaskiya, suka sare kurmi ƙaf suka farfasa tukwane, bayan 'yan shekaru idon ruwan da ke ƙarƙashin itatuwan ya ƙafe. Itacen bai yi zunubi ba. Tukunyar kuma ita kaɗai ce takardar da kakanni suka bari. Har ila yau, mutanen nan ba su jira Bature ya gaya musu akwai Mahalicci ba. Birom suna ce masa Dagwi, Angas suna cewa Nen, Mwaghavul Naan, Atyap Agwaza, Ham kuma Nom, kuma da waɗannan sunaye ake sujada a majami'unsu har yau. Wanda ya share tarihin mutane duka don ya tsabtace su, zai wayi gari ba shi da kalmar da zai yi musu wa'azi da ita.

Da muka sauko, uwargidan abokina ta riga ta gama tuwon acca da miyar karkashi, ga wake da aka barbaɗe da garin riɗi aka zuba manja, ga zuma a kwalba. Tun kafin a buɗe kwano maigidan ya ce, "Alhaji, ka ci da kwanciyar rai, kazar nan wurin mahauci Musulmi na aika aka yanka, tukunyar ma sabuwa ce." Alhaji ya ce, "Malam, ka gama mini komai." Na kawo wannan ne don matafiya. A yankin nan ana kiwon alade, kasuwarsu ta Katsit kusa da Kafanchan tana cikin mafi girma a ƙasar nan, ana kuma yin burkutu. Baƙon da ke da abin da ba ya ci, ya tambaya cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi. Mai masauki kuma ya riga baƙonsa faɗi.

Da dare abokina ya ba mu labarin harin da aka kai Malagum, nan kusa da su, a watan Disamba 2022, da mutanen da ya binne. Ya ce tun rikicin Kafanchan na 1987, wanda wutarsa ta kai har Zariya, yaran da ke tasowa a nan ba su san Bahaushe a matsayin baƙon da ake ba ruwa ba, sai a labarin tashin hankali. 'Ya'yansa sun yi ta leƙen Alhaji daga bakin ƙofa. Kafin mu kwanta ya ɗinke wa ƙaramin wandon makarantarsa da ya yage, gama tela ba ya tafiya ba allura.

Nok, a gurguje

Ran Juma'a muka biya ta Kwoi zuwa ƙauyen Nok. A nan ne masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan da aka samu wajen Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, shi kuwa ya gane hannu ɗaya ne ya yi su. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa mutanen Nok sun fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu. Gero suke ci da wake da atili, kuma binciken da aka fitar a 2021 ya sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Wato abin da aka ba mu a Kagoro daren jiya, an fi shekara 3,000 ana cin irinsa a nan.

Sai dai mafi kyawun kayan ba sa gida. A shekarun 1990 an yi ta haƙa ba bisa ƙa'ida ba ana fitarwa, har wasu suka ɓulla a gidan tarihi a birnin Faris, sai a 2002 Faransa ta amince na Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Su ma masu binciken, a Fabrairun 2017 an sace biyu daga cikinsu a wani ƙauye na Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan ƙauyen da suka bi sawu, daga baya aka sako Jamusawan.

A Kwoi na so in sayi citta, gama ƙasar Jaba da Kachia su ne gidanta. Abin da na tarar kaɗan ne kuma da tsada, domin wata cuta ta faɗa wa gonaki a daminar 2023 ta ruɓar da mafi yawanta a ƙasa. Manomin da ya saba biyan kuɗin makarantar yara da citta, a shekarar nan ko iri bai fitar ba. Na sayi ɗan abin da ya samu, da mudu 2 na acca. Alhaji ya sami jam'i a masallacin garin, ni na jira shi a mota. Muka bi ta Kachia da rana tsaka kamar yadda aka gargaɗe mu, muka shigo Gyallesu ana kiran Magariba.

Accar nan, mai ɗakina ta yi yini guda tana regewa, ta ce in na sake zuwa in sayo wankakkiya ko in dawo hannu sake. Bayan mako guda kuma Alhaji ya aiko yaro ya kira ni, ya ce in raka shi Wusasa, yana so ya ga bakan gizon majami'armu. Muka je ran Talata da hantsi, ba kowa sai mai shara. A nan ma ya tuɓe takalmi. Ya zaga ciki, ya fito ya zaga waje, ya daɗe yana duban rufi, sa'an nan ya ce, "Malam, ka gaya wa manyanku, kowace shekara a hau a duba indararon nan tun ruwan fari bai sauka ba."